Mutumin Da Ya Mutu A Babi Na Biyu

A cikin motarsa Malam Idris ya ji labarin mutuwarsa, wata ranar Asabar da hantsi, tsakanin Bungudu da Gusau.

Shekara ashirin da biyu ke nan yana tuƙin haya a wannan hanya. Ya ɗauko mutane daga Bungudu inda iyalinsa suke, ya ratsa Gusau, ya dangana da Tsafe, ya juyo. Ya saba da surutun fasinja kamar yadda ya saba da kukan tsohuwar Golf ɗinsa. Shi ya sa da wata mata a kujerar baya ta kunna wayarta, muryar wata mace ta fara karanto labari, ko kunne bai sa ba. Idonsa yana kan daji, hagu da dama, kamar kullum tun da 'yan bindiga suka fara tare hanya.

"Ƙara murya, Hajiya," in ji dattijon da ke kujerar gaba. "Wanga shi ne na hanyar Tsafe da ake ta turawa?"

"Shi ne, Baba. An ce wadda abin ya faru a gabanta ce ta ba da shi."

Murya ta ƙaru. "Ni da idona na gani. Direbanmu, Malam Sale, baƙi ne siriri, da tabon ƙuna a gefen wuya, wanda ruwan lagireto ya yi masa tun yana yaron mota. A madubin motarsa akwai ɗan takalmin jariri, ja, ƙafa ɗaya, yana lilo. Ba ya tayar da mota sai ya bugi sitiyari sau uku ya ce, Allah ka kai mu ka dawo da mu."

Idris ya ɗaga ido. Ga takalmin nan yana lilo a gaban hancin dattijon. Ya ja wuyan rigarsa ya rufe tabon. Mutum shida a motar, ba wanda ya dubi takalmin, ba wanda ya dube shi. Dama wa ke kallon direba?

Kafin su kai kwanar da ake fara hango gidajen Gusau, an harbe Malam Sale a maƙoshi. Muryar ta kwatanta yadda jini ya wanke sitiyari, yadda ƙafarsa ta ci gaba da taka totur bayan rai ya fita. Matar da ke baya tana ta salati. Takalmin na 'yarsa Hafsat ne, na lokacin da ta fara tafiya. Yanzu shekararta goma sha tara, tana kwaleji a Gusau, kuma shekara guda ke nan ba ta rabuwa da wani littafin rubutu mai baƙin bango. Ita kaɗai a duniya za ta rubuta wannan.

Da a nan abin ya tsaya, da ya jira ya koma gida ya yi mata faɗa. Amma muryar ta ci gaba.

"Wanda ya sayar da mu yana nan a Tsafe, yana yawo cikin mutane. Sunansa Tanko mai faci. Rumfarsa tana gindin darbejiya, daura da tasha. Hannunsa na hagu yatsu uku gare shi. Yana sa jar hular saƙa, yana fito idan yana ba taya iska. Wayarsa ɗaure take da robar tif. Duk motar da ta wuce sai ya ciro ta ya koma bayan rumfa ya yi magana ƙasa-ƙasa."

"La ilaha illallahu," in ji dattijon. "Ai na san shi! Ba Tanko sunansa ba, Jibo ne. Jibo mai faci. An dai sakaya sunan."

"Ka ji ko! Mutum shina gyara maka taya shina ƙirga kanku."

"Irin waɗanga ba a kai su gun hukuma," wani matashi ya ce daga baya. "Taya da fetur kawai. Tayar ma ga ta nan a rumfarsa."

Aka yi dariya. Idris ya ƙara taka totur.

Yana sauke su a tashar Gusau ya kira Abdu, abokinsa, wanda ke tsara lodi a tashar Tsafe. Ya tambaye shi ko Jibo ya fito aiki.

"Ga shi can ina hangensa. Mi ya faru?"

"Ka ji wani labari da ke yawo a waya?"

"Tun jiya Mahadi ɗan acaɓa ke kunna ma mutane shi a gun mai shayi. Ka san ƙanensa Umar na cikin waɗanda 'yan bindiga suka kashe a hanya watan jiya."

"Don Allah je ka ce ma Jibo ya rufe rumfa ya tafi gida. Labarin ƙarya ne. Ɗiyata ce ta rubuta shi."

"Ɗiyarka? Idris, kana cikin hankalinka?"

Bai tsaya ba shi amsa ba. Ya san inda Hafsat take kowace Asabar: wani aji na makarantar firamare a Tudun Wada, inda matasa masu son rubutu ke taruwa wurin Malama Grace, wadda ta koyar da ita Hausa a sakandare. Iyayen Malama Grace aikin gwamnati ya kawo su Gusau tun kafin a haife ta, a nan ta tashi, a nan ta yi aure, kuma rabin matasan unguwar ta hannunta suka bi.

Ya shiga ajin ko sallama bai ƙarasa ba. Mutum goma sha wani abu a kan bencin yara, Hafsat tana tsaye da littafinta a buɗe. Tana ganinsa ta rufe.

"Baba? Lafiya?"

"Fito."

Malama Grace ta biyo su baranda. "Baban Hafsat, sannu da zuwa. Wani abu ya faru a gida?"

"Malama, ki yi haƙuri da shigowar da na yi. Ke, Hafsatu, wane ne Tanko mai faci?"

Ta ɗan yi murmushi, irin na wadda aka kama da abin da take alfahari da shi. "Baba, ka karanta? Ai labari ne nake sakawa babi-babi a zaurenmu na waya. Ƙirƙira ce."

"Ƙirƙira? Ke kika ƙirƙiri yatsu uku? Ke kika ƙirƙiri darbejiya da jar hula? Ranar da muka je gidan goggonki a Tsafe tayata ta yi faci, kika zauna a bencin mutumin nan awa guda kina rubuce-rubuce. Na ɗauka karatu kike yi."

"Amma na canja sunan."

"Kin canja sunan!" Muryarsa ta tashi har na cikin aji suka leƙo. "Ni ma kin canja mani suna, kika harbe ni a maƙoshi. Yau a motata na ji yadda na mutu. Wannan ban damu ba. Amma mutumin nan kin ce shi ke kiran 'yan bindiga, kuma yanzu haka Tsafe kaf ta ji."

"A'a, Baba, ba shi ba ne! Ai dabara ce. So nake mai karatu ya zarge shi, sai a babi na tara a gane cewa kiran da yake yi direbobi yake yi wa gargaɗi. Shi ne jarumin labarin ma. Yanzu ina babi na huɗu."

"Kuma kina zaton mutanen da aka kashe ma 'yan'uwa za su zauna su jira babi na tara?"

Malama Grace ta miƙa hannu ta karɓi wayar Hafsat. Ba a jima ba suka samo saƙon, an turo shi har cikin zauren 'yan ajin. Wata mai karanta littattafai da murya ce ta naɗe shi, wani kuma ya yanke farkon, inda aka faɗi sunan marubuciya da sunan littafi. Abin da ya rage ya fara ne daga "Ni da idona na gani." A samansa an rubuta: Gaskiyar abin da ke faruwa a hanyar Tsafe, tura wa kowa.

Malama Grace ta dafa bango. "Ni ce," ta ce a hankali. "Farkon da ta kawo mani, mugun nata jajayen idanu kawai gare shi da mummunar dariya. Na ce mata wannan dodo ne, ba mutum ba, ta je ta kalli mutane na gaske. Ban ƙara mata da cewa idan ta kalla, ta bar masu fuskarsu ba. Kuma tun babi na uku ba ta kawo mani ba kafin ta saka."

"Masu karatu ne ke matsa mani in ci gaba," in ji Hafsat. "Zan rubuta yanzu in ce ba gaskiya ba ne, in tura."

"Tura ma wa? Mutum nawa ne a zaurenku?"

"Ɗari biyu da wani abu."

Idris ya buɗe baki zai yi magana, wayarsa ta yi ƙara. Abdu ne. Kafin ya ji muryar Abdu ya ji ihun da ke bayansa.

"Na gaya masa, ya ɗaure kayansa zai tafi, suka ce ka gani zai gudu. Idris, sun kama shi. Mun kira 'yan sanda, an ce motarsu ta fita daji tun safe."

Idris ya nufi mota da gudu. Yana buɗe ƙofa ya ga Hafsat ta riga shi shiga, littafin a ƙirjinta.

"Fita."

"Baba, ni na rubuta."

"Shi ya sa na ce ki fita! Kin san abin da za su yi maki?"

"Idan ka je kai kaɗai, da me za ka nuna masu?"

Ya dube ta. Ya tuna uwarta, Delu, da abin da zai gaya mata in wani abu ya sami yarinyar. Ya tuna Jibo, wanda ya taɓa bin sa a babur har kilomita biyar don ya kawo masa jak ɗin da ya manta a rumfarsa. Bai bugi sitiyari ba, bai yi addu'ar da ya saba ba. Ya fizgi motar. Malama Grace tana ɗaga murya tana cewa za ta kira duk wanda ta sani a Tsafe.

Tafiyar da yake yi a minti hamsin, ranar a talatin da biyar ya yi ta. Ramukan da ya haddace yana kauce masu, ranar ta kansu ya bi. Suna cikin tafiya Hafsat ta juyo gare shi.

"Baba, ban kashe ka don ina son ka mutu ba. Kullum ka fita sai in riƙa ganin haka a raina. Na ce ko in na rubuta zai bar ni."

"Ya bar ki?"

"A'a."

Tun daga nesa suka ga hayaƙi. Rumfar Jibo ce ke ci, baƙin hayaƙin roba ya turnuƙe darbejiyar. Idris ya tsaya a bakin tasha, ya zare makulli.

"Ki kulle ƙofa. Ko me kika gani kada ki fito. Kin ji ni?"

Ya kutsa cikin taron da kafaɗa. Mutane sun fi ɗari, wasu da gora, wasu da duwatsu, da yawa da wayoyi a sama suna ɗauka. A tsakiya Jibo yana kwance a gefensa. Jar hular tana can cikin kwata. Fuskarsa ta kumbura har ido ɗaya ya shige, jini yana fita ta kunnensa. Hannunsa na dama, mai lafiyar, an daka shi da ƙarfen cire taya, yatsun sun juya inda yatsu ba sa juyawa. An riga an zura masa taya a wuya. Abdu yana gefe, mutum biyu sun riƙe shi, leɓensa a fashe.

Mahadi ne a kan Jibo. Dogon saurayi, ɗan acaɓa, wanda Idris ya sani tun yana tallan rake a tasha. A hannu ɗaya galan ɗin fetur, a ɗaya wayar Jibo mai ɗaurin roba.

"Faɗi sunayensu!" Ya kai masa shuri a haƙarƙari. "Nawa suka ba ka a kan Umar? Nawa?"

Jibo ya buɗe baki, jini ne kawai ya fito.

Idris ya faɗa tsakaninsu ya buɗe hannuwa. "Mahadi, dakata! Ku dakata don Allah! Labarin nan ƙarya ne!"

Gorar farko a kafaɗa ta same shi. Ta biyu a bayan kai. Ya durƙusa, ƙasa ta juya masa, ya ji ɗumin jini yana bin wuyansa. Wani ya ce abokin aikinsa ne, shi ke kai wa 'yan bindiga mai. Wani ya ce a kawo taya ta biyu. Dutse ya daki gwiwarsa. Ya rarrafa ya kife a kan Jibo, warin fetur ya cika masa hanci, don an riga an fara zubawa.

"Malam Idris, tashi," in ji Mahadi. "Ina ganin girmanka. Tashi ko in haɗa da kai."

"Haɗa. Amma kafin ka haɗa, kunna labarin."

"Mun ji shi sau ashirin."

"Ba ku ji ba. Kunna daga farko. Minti biyu, Mahadi. Ashana ba za ta gudu ba."

Wataƙila jinin da ke kan furfurarsa ne ya sa, wataƙila kuma taro yana son a sake ji don zuciya ta ƙara tafasa. Wani ya kunna, ya ɗaga wayar sama. Muryar matar ta fito: direba baƙi siriri, tabon ƙuna a gefen wuya, ruwan lagireto.

Idris ya miƙe da ƙyar. Ya kama wuyan rigarsa ya yage ta har ƙirji, ya juya wuyansa ga mutane, ya zagaya a hankali don kowa ya gani.

"Ci gaba," ya ce.

Ɗan takalmin jariri, ja, ƙafa ɗaya. Bugun sitiyari sau uku.

"Ga motata can bakin tasha. Ku je ku duba madubi. Abdu, shekara nawa kana jin ina wannan addu'ar?"

"Tun muna yaran mota," in ji Abdu. Masu riƙe da shi sun sassauta.

Wasu matasa suka ruga wurin motar. Ɗaya ya dawo yana cewa wallahi ga takalmin can.

"To ku saurara yadda aka harbe ni a maƙoshi," Idris ya ce. "Ni ne Malam Sale. Na mutu? Wa ya je jana'izata a cikinku? Wanda ya rubuta ni na mutu, shi ya rubuta Jibo infoman 'yan bindiga ne. Hannu ɗaya, biro ɗaya."

Taron ya yi wani irin gunaguni. Gorori suka ɗan sauka. Amma Mahadi bai motsa ba.

"An yi ƙarya a kanka don a ɓoye sunan direban gaske," ya ce. "Wannan bai wanke shi ba. Wa ya rubuta? Kawo shi ya faɗa da bakinsa."

Sunan yana kan harshen Idris, ya kasa sakinsa. Ya dubi galan, ya dubi fuskokin da ke kewaye da shi, da yawa bai san su ba. Ya ji gara a ƙone shi da ya faɗa.

"Ni ce."

Ba ta kulle ƙofar ba ke nan. Hafsat ta ratso mutane, hijabinta ya karkace, littafin a hannu biyu. Wata mata ta tofa mata miyau. Wani dutse ya wuce ta gefen kunnenta ya fasa gilashin wata mota. Idris ya jawo ta bayansa.

"Ɗiyata ce. Duk wanda zai taɓa ta ya fara gamawa da ni."

"Ban taɓa shiga motar da aka tare ba," Hafsat ta ce. Muryar ba ta fita, sai da ta sake. "Ban ga komai ba. A ɗakinmu a Bungudu na rubuta. Sau ɗaya na taɓa ganin Malam Jibo, ya gyara mana taya. Ga shi, ku duba."

Abdu ya ƙwace kansa ya karɓi littafin. Ya buɗe inda ta nuna masa, ya karanta da ƙarfi, yana tuntuɓe. A shafin farko infoman mai shayi ne, mai jajayen idanu. An soke shi da layi biyu. A gefe, da jan biro, an rubuta: Wannan dodo ne, je ki kalli mutane. A shafi na gaba ya zama mahauci, an sake sokewa. Sai a na uku ya zama mai faci mai yatsu uku. A saman shafin akwai kwanan wata.

"Wata uku ke nan," in ji Abdu. "Mahadi, wata biyu kafin a kashe Umar aka rubuta wannan. Da ta ga dama da mai shayin da kake zama gunsa ne kwance a nan."

Mai shayin yana cikin taron, da guntun katako a hannu. Ya sake shi ya faɗi ƙasa.

"To wayar fa?" Mahadi ya ɗaga ta. "Kowa a nan ya san shina komawa bayan rumfa ya yi waya. Wannan ba ita ta ƙirƙira ba. Wa yake kira?"

Idris bai sani ba. In lambar ta faɗa kan wani baƙon namiji, ko da ɗan'uwan Jibo ne, an gama. Amma ba wata ƙofa da ta rage.

"Wayar na hannunka. Kira lambar ƙarshe, ka sa kowa ya ji."

Mahadi ya ajiye galan. Ya latsa. Lamba ɗaya ce ta cika jerin, sama da ƙasa. Wurin ya yi tsit har ana jin ƙarar robar da ke ci a rumfa. Ta yi ƙara sau huɗu, sannan aka ɗauka.

"Jibo?" Muryar tsohuwa ce, tana haki tsakanin kalmomi. "Na sha maganin rana, ɗan nan, ka daina damuwa. Ƙafar ce dai ba ta sauka ba. Jibo? Kana jina? Mi ne wannan hayaniya?"

Daga ƙasa Jibo ya yi wani sauti. Ba a ji abin da ya ce ba sai kalma ɗaya, Inna.

Mahadi ya tsaya da wayar a tafin hannunsa, tsohuwar tana ta kiran suna. Ya rasa yadda zai kashe ta. Ya miƙa wa Abdu, ya juya, ya bi ta cikin mutane, babur ɗinsa ma bai ɗauka ba. Taron ya fara zubewa ta baya. Waɗanda suka fi kowa ihu su suka fara ɓacewa. Wasu suna tafe suna cewa ai ko ba shi ba ne akwai irinsa. Ba wanda ya ce a yi haƙuri.

Idris da Abdu suka cire tayar daga wuyan Jibo. Suka tuɓe masa rigar da ta sha fetur, suka kwantar da shi a kujerar baya, kansa a cinyar Hafsat. Har Gusau jininsa yana zuba a kan hijabinta, tana riƙe da hannun mai yatsu uku don ɗayan ba ya taɓuwa.

Ya rayu. Idon dama ya tafi. Hannun dama likita ya ce za a ɗaure shi a gani, amma kada a sa rai zai sake riƙe guduma kamar da.

Rana ta shida, bayan azahar, Idris ya kai Hafsat asibiti. Shi kansa da ɗinki bakwai a ƙeya. A kwanakin nan ta yi sabon saƙo da muryarta, ta faɗi sunanta da na ubanta, ta ce ƙarya ta rubuta. Malama Grace da 'yan ajin suka yi ta turawa. Ya yi yawo, amma bai kai rabin inda na farkon ya kai ba.

Ta durƙusa a gaban gadon. "Malam Jibo, ka yafe mani."

Ya juyo da kansa gaba ɗaya don ya gan ta da idon da ya rage. "Ke ce mai littafi. Na tuna ki. Har na ce ma babanki ɗiyar nan taka za ta zama likita, dubi yadda take karatu a cikin rana."

"Na rubuta babi na tara. A ciki an gane kai ne mutumin kirki, kai ke ceton direbobi. In ka yarda in karanta maka."

"Ni ban ceci kowa ba. Taya nake liƙewa."

"Amma mutane za su..."

"Ɗiyata." Ya ɗaga hannun mai yatsu uku. "Wannan hannun, bakin taya ne ya fashe ya cinye mani biyu, ina da shekara goma sha shida. Ni na san zafin. Kin zo kin ɗauka ba ki tambaye ni ba. Yanzu kuma za ki sake ɗauka ki yi mani ado da shi. Ban so. Mugu ko na kirki, ki cire ni. Ki bar ni in zama ba kowa, yadda nike."

Ta buɗe littafin, ta yage shafukan ɗaya bayan ɗaya, tun daga shafi na uku har ƙarshen babi na tara, ta ajiye a gefen gadonsa.

"Yafiya kuma," ya ce, ya mai da fuskarsa bango, "ki dawo in hannun ya daina zogi. Yanzu in na ce na yafe, ƙarya na yi."

A mota suka zauna, bai tayar ba. Tun ranar Tsafe yake da niyyar ya ce mata ta bar rubutu har abada, ya tara littattafan ya cinna masu wuta a tsakar gida. Delu ma ta goyi bayansa. Kalmar tana bakinsa. Ya dube ta, ta rame, idanunta sun faɗa.

"Infoman na gaske a labarinki," ya ce, "wanda za a gano a ƙarshe. Fuskar wa kika ba shi?"

"Ban kai ga ba shi fuska ba."

"Alhamdu lillahi. Garin fa?"

"Zan ƙirƙiri gari. Da hanya. Malama ta ce in ɗauki tafiyar wani, muryar wani, sana'ar wani, in cakuɗa har uwar kowannensu ta kasa gane ɗanta. Kuma ba zan sake sakin babi ba sai na gama duka ta duba." Ta juyo ta dube shi. "In ka bar ni."

"Yatsunsa nawa?"

"Goma, Baba."

"Direban fa?"

"Zan cire ka."

Ya kai hannu ya kwance ɗan takalmin daga madubi. Igiyar ta daɗe, sai da ya sa haƙori. Ya ajiye mata a cinya. Gobe da safe zai je Tsafe, shi da Abdu da direbobi huɗu sun yi alkawarin kafa sabuwar rumfa a gindin darbejiyar, ko da mai ita zai ce ba zai koma ba. Ya bugi sitiyari sau uku, ya yi addu'ar a zuci, ya kama hanyar Bungudu.